Bangon Hawa na Uku

Mai Fenti yana tsugune a bakin famfo yana wanke buroshi da kananzir, sai ga babbar 'yarsa ta yi sallama, da farin kayan asibiti a jikinta da wata doguwar ambulan a hannu. Ungozoma ce. Shi kuwa tun tana goye bai taɓa kiranta da wani suna ba sai Uwata.

"Baba, wanke hannu ka zo ka ga abin arziki."

Ta baza takardun a kan tabarma, uwarta ta matso. Wani kamfani ne ya gina benaye. Za ka ba da kafin alƙalami, ka tare, ka riƙa biya duk wata kamar ɗan haya, bayan shekara goma sha biyar gida ya zama naka. Ita da mijinta, direban babbar mota, sun shekara shida suna tara kafin alƙalamin. Yanzu mijin yana kan hanya, ya ce surukinsa ya raka ta gobe ta sa hannu.

Uwar ta tafa hannu. "Mu dai mun tsufa a gidan haya, kaya a ka kamar masu talla. Allah ya raba ki da wannan wahala!"

Mai Fenti bai tafa ba. Shi mutum ne da ko an ba shi kyautar akuya sai ya tambayi wa zai sayi dusa.

"Idan famfo ya fashe fa, wa zai gyara?"

"Mu. Ga shi an rubuta, daga ranar karɓar makulli duk gyaran cikin gida na mai shiga ne. Ga kuma kuɗin gadi da na shara da na injin ruwa duk wata. Na lissafa, Baba, za mu iya."

"Idan kun gaji kuka fita?"

"Kafin alƙalami ya tafi ke nan."

"To. Wane gini ne?"

"Mai ruwan madarar nan na bayan tasha. Hawa na uku, ƙofar ƙarshe ta hagu."

Buroshin da ke hannunsa ya ɗiga kananzir a kan tabarma, bai lura ba. Ya san ƙofar. Wata biyu da suka wuce shi ya yi wa ginin fenti tun daga ƙasa har sama. A ɗakin kwana na gidan nan ya tarar da bango jiƙe sharkaf, don bututun ban-ɗakin sama ta cikinsa ya bi, kuma yana yoyo. Ya nuna wa ɗan kwangila, shi kuwa ya ce, "Kai likitan bututu ne? Rufe kawai." Ya rufe. Ya kankare, ya fara shafa fentin mai, ya bi da shafi uku, har shi kansa ya ja da baya ya yaba. Ɗan kwangilar ya ji daɗi, ya yi masa alkawarin gini na biyu, gidaje arba'in. A kan wannan alkawari ya ɗora karatun ƙannen Uwata uku na bana.

Da 'yar ta tafi, matarsa ta dube shi a kaikaice.

"Malam, ka yi shiru kamar wanda ya haɗiye ƙaya."

"Warin kananzir ne."

"Shekara talatin kana shaƙarsa, yau ya fara kama ka?"

Ya koma bakin famfo. Ya gaya wa kansa wataƙila an gyara bututun bayan tafiyarsa. Gani ya kori ji. Amma da safe, da ya sa rigarsa ta fita unguwa, sai ya ɗauki 'yar wuƙarsa ta kankare fenti ya zura a aljihu.

Wakilin kamfanin saurayi ne mai kwat da baki kamar rediyo. Ya hau da su bene yana kaɗa makullai, ga wasu masu neman gida huɗu ko biyar suna biye, suna leƙa ƙofofi. Ya buɗe ta ƙarshe ta hagu. Haske ya cika falon, bango sumul, ko sawun buroshi babu.

"Hajiya, dubi wannan aiki," in ji wakilin yana shafa bango. "Ba irin masu fentin nan namu na bakin titi ba ne. Ƙwararru muka ɗauko musamman daga waje."

Mai Fenti ya yi gyaran murya. Bai san ko ya ji haushi ko ya ji daɗi ba.

Suka shiga ɗakin kwana. Ya faki ido ya ɗora bayan hannunsa a kan bangon. Sanyi ƙalau, kamar jikin randa. Ba a gyara komai ba. Damina ɗaya ta isa fentin ya kumbura, siminti ya fara zuba, a fasa bango, a sake bututu, kuma duk a wuyan Uwata.

"Nan zan sa gadon jikanka, Baba," ta ce tana auna wurin da taku. "Iska ta taga ba za ta same shi ba."

Wakilin ya riga ya ɗora takardu a kan allon taga, ya cire murfin biro ya miƙa mata. Ta karɓa.

Gidaje arba'in suka gilma wa Mai Fenti a ido, da fuskar ɗan kwangila, da takardar makarantar yara da ke ƙarƙashin katifa. Ya ga bakin biron ya sauka a kan takarda.

"Uwata, dakata."

Ya zaro wuƙar, ya kafa bakinta daidai tsayin ƙirjinsa, ya ja ƙasa. Fentin ya saɓule kamar ɓawon ayaba. Ƙarƙashinsa baƙi ƙirin, yana naso, warin ruma ya bugi hancin kowa.

"Kai, dattijo! Ka haukace ne?" Wakilin ya yi tsalle. "Ka san ko nawa aka kashe a bangon nan?"

"Na sani, ɗana. Ni ne ƙwararren da aka ɗauko daga waje. Daga bayan kasuwa aka ɗauko ni, a kan babur."

Wani a bakin ƙofa ya tuntsire da dariya. 'Yar ba ta yi dariya ba. Ta dubi bangon, ta dubi ubanta.

"Kai ka rufe shi, Baba?"

"Ni na rufe. An ce in rufe, na rufe, ban tambayi ɗan wa zai kwana a nan ba. Da ba ke ba ce, da wataƙila har yanzu ban tambaya ba." Ya sunkuyar da kai. "Ki yi haƙuri."

Wakilin ya fita baranda da waya a kunne, ya dawo ya miƙa wa Mai Fenti. Muryar ɗan kwangila ce, ko gaisuwa babu. Maganar ba ta yi tsawo ba. Mai Fenti ya ce, "To, Allah ya sa haka ya fi alheri," ya mayar da wayar. Ya goge wuƙar ya zura a aljihu.

Ya ɗauka za ta tattara jakarta su fita. Sai ya ga ta rufe biron, ta gyara tsayuwa, irin tsayuwar da take yi idan dangin mai naƙuda sun cika mata ɗaki da surutu.

"Malam, ban fasa ba," ta ce wa wakilin. "Ina son gida, kuma a ginin nan. Amma ba zan shekara goma sha biyar ina biyan kuɗin ruɓaɓɓen bututun da ban saka ba. Baba, duk bangon ginin nan ka taɓa. Wanne ne busasshe?"

Bai yi dogon tunani ba. "Hawa na biyu, ƙofa ta biyu, mai kallon gabas. Bututunsa ta waje ya bi. Sai dai tagar kicin ba ta rufuwa sosai."

"Shi nake so. A gyara tagar. Sannan a rubuta cewa duk bututun da ke cikin bango na kamfani ne har shekara biyar. Kuma kafin in sa hannu sai na ga tankin sama da injin ruwa da idona, in ji shekarunsu."

"Hajiya, ai ba a taɓa takardar nan. Haka take ga kowa."

"Yau za a taɓa."

Wata mata mai goyo ta kutso kai daga bakin ƙofa, ta wuce wakilin kamar ba ta gan shi ba. "Baba, don Allah, ni na ƙasa aka nuna mini, na kusa da matakala. Yaya yake?"

"Ni ma a duba mini nawa," in ji wani mai gilashi. "Idan an rubuta mata, ni ma sai an rubuta mini."

Wakilin ya dubi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, ya sassauta ɗaurin wuyansa, ya sake fita baranda. Wannan karon ofis ya kira, kuma ya daɗe. Da ya dawo murya ta sauka. Ya ce ranar Laraba za a kawo sabuwar takarda, da sharaɗin a ciki, amma shekara uku.

"Huɗu," ta ce.

"Hajiya, za ki sa a kore ni."

"Huɗu, da tagar."

Ya rubuta a bayan ambulan ya sa hannu, ta karanta sau biyu kafin ta jefa a jaka.

A kan matakala ta rage murya. "Aikin ya tafi, ko?"

"Ya tafi."

"Karatun yara fa?"

"Bango bai ƙare a duniya ba, Uwata." Ya faɗa da ƙarfi don ta ji, amma bai san ta inda zai ɓullo ba. Ya dube ta, ta sha gabansa da taku biyu, kai a sama. Wai wannan ce ya goya a kan keke zuwa makaranta, da bokitin fenti rataye a gefe.

A hawa na ƙasa mutanen suna tsaye suna jiransa a bakin ƙofar mai goyo. Mai gilashin ya tambayi 'yar, "Injiniyan nan, a ina kika samo shi?"

"Babana ne," ta ce. "Ku ba shi hanya."

Suka dare. Ya naɗe hannun rigarsa ya shiga.