Gammon Gashin Mbah Sarikem

"Sakaya ƙofar tukuna, 'yar nan," in ji Mbah Sarikem. "Ciwo nake, ba hauka ba."

Ngatinem ta sakaya. Katanga ɗaya ce tsakaninsu, kuma tun tana yarinya take ganin tsohuwar tana fita zuwa fadar birnin Solo gyaran kan 'yan rawar sarki, gammon gashinta zaune a ƙeya kamar ƙwarya a kife, da tsinken azurfa a soke. Duk unguwar an yarda gashin nan har gwiwa yake. Yau hannun tsohuwar ya ƙi ɗaguwa, ga masu dubiya suna hanya.

Ngatinem tana zare tsinken, sai gammon ya faɗo mata a cinya ɗungurungum. Abin da ya rage a kan bai fi gemun masara ba. Tausayi ya kama Ngatinem har ta rasa inda za ta sa ido.

Tsohuwar ko a jikinta. Ta ce tun tana budurwa ba ta taɓa zubar da abin da mataji ya ciro ba, a ƙoƙo take tarawa ta tufka, yadda matan fada suka koya mata.

"Rufe bakin kar ƙuda ya shiga. Shafa man kwakwa, ki naɗe ta dama. Matar Wongso ba za ta ga ƙoƙon kaina ba, ko a raye ko a mace."

Haka Ngatinem ta riƙa sammako tana naɗi tana shan faɗa, har ranar da ta tarar babu mai faɗan.

A wajen wankan gawa ne aikin yake. Dole a kwance kai, kuma matar Wongso, wadda magana ba ta kwana a cikinta, ita ke riƙe da buta. Ngatinem ta je ta kame wajen kai, ta ce wasiyya ce, ita kaɗai za ta taɓa. Aka yi ƙunƙuni, ta yi kunnen uwar shegu. Ta ja zane ta lulluɓe su su biyu, ita da gawar, ta wanke 'yan silin, ta yi musu kitso uku. Gammon kuwa, tunda daga jikin mai shi ya fito, ta naɗe shi ta dama, ta tura ƙarƙashin ƙeyar, ta ja likkafani.

Matar Wongso ta leƙo, ta taɓe baki, ta ce wato da kayanta za ta tafi.

A cikin farin ƙyallen, kan Mbah Sarikem ya ɗan tasa daga tabarma, kamar an sa mata matashi.