Makulli Daga Yamai

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta ƙaraso mu ji ta, Kaka.

To, ku matso. A Akwatialine, daf da inda nake sayar da koko, akwai wani tela, Buraima. A nan Kumasi aka haife shi, amma ubansa mutumin Nijar ne. Wata rana aka kawo masa kwat ta gwanjo ya rage mata hannu, sai ya tsinci ɗan littafi a aljihunta, da koren tauraro a bangonsa. Littafin koyon wani yare ne, Esferanto, wanda aka ce mutum ɗaya ne ya zauna ya ƙirƙira shi don duk duniya ta ji juna. Shi ke nan, Buraima ya kamu. Ƙafa na taka keke, baki na karatu. Ya rubuta wa adireshin da ke ciki, suka aiko masa da littafin sunayen masu yaren gari-gari, har katin gaisuwa ya riƙa zuwa masa daga Japan.

Bawah, wan matarsa Hajo, mutumin Tamale ta nan ƙasar, ba ya wucewa bai tsokane shi ba.

"Suruki, yaren nan naka, a wace kasuwa ake cinikin doya da shi? Wace uwa ta taɓa zagin ɗanta da shi?"

"Ai shi ya sa nake son sa, Yaya. Har yanzu da tsabtarsa."

Ana nan, a ƙarshen 1969 doka ta fito: duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasa cikin kwana goma sha huɗu. Buraima ba shi da ita, kuma dangin ubansa sun daɗe da ɓace masa. Bawah ya zo, wannan karon babu wasa a fuskarsa.

"Kai ka tafi, Allah ya kiyaye hanya. Amma ƙanwata da 'yarta Zuleha ba sa zuwa garin da ba ku da maigida."

Kun san mu 'yan Zango, ba ma shiga gari sai da maigidan da zai sauke mu, ya tsaya mana. Buraima ya buɗe littafin sunayen nan. A ƙarƙashin Yamai suna ɗaya tak ya gani: Komla, malamin makaranta. Ya zauna ya cika shafi biyu da yaren, ya tafi zai ba Mutaru, direban motar goro, wadda a lokacin mutane take kwasa zuwa arewa.

Hajo ta tare shi a ƙofa. "Baban Zuleha, haka za ka roƙi mutum masauki, da takarda tsirara?" Ta zaɓi farin goro, ta ƙunshe a ganye. "Wannan ba ya neman tafinta."

Kwana tara, shiru. Kwana goma, shiru. Unguwa na ta raguwa, Buraima ya daina cin abinci. Ran kwana na goma sha biyu da hantsi, sai muka ji odar motar Mutaru tun daga bakin titi, ba ya ɗaga hannu daga kanta, ga koren ƙyalle na kaɗawa a madubi. Ni dai na bar kokona da ludayi a ciki, na bi jama'a da gudu, ɗankwali a hannu.

Mutaru ya tsaya a matakalar mota, ya gyara murya kamar ladan.

"Saluton, frato! Bonvenon!"

Wato sannu ɗan'uwa, maraba. Buraima ya sandare. Shekara shida yana fama da yaren nan, bai taɓa jin sa a bakin wani ba sai ranar. Sai ya ɓarke da amsa, yana dariya yana hawaye, magana ba waƙafi.

"Kai, dakata," in ji Mutaru. "Iyakar kayan da aka ɗora mini ke nan. Tun daga Yamai nake maimaita su kada su zube a hanya."

Ya ba mu labari. Malam Komla mutumin Togo ne, Kirista, Hausarsa ba ta kai ta sayen gishiri ba. Da ya karanta wasiƙar sai ya rungume Mutaru a gaban 'yan makaranta. Nan Mutaru ya sa hannu a aljihu ya ciro makulli ɗaure da koren zare.

"Na ɗakin bayan gidansa ne. Akwai rumfa a gaba, ya ce a kafa keke."

Bawah ya karɓi makullin, ya juya shi, ya sake juyawa.

"Goron fa? Ya ci?"

"A gabana. Bai saba ba, fuskarsa duk ta yamutse, amma bai tofar ba."

Bawah ya miƙa wa Hajo makullin. "To, ya zama maigida. Je ki ɗaure kaya." Mata suka ɗauki guɗa. Ya juyo ya dubi Buraima. "Suruki, yaya ake cewa na gode da yaren naku?"

"Dankon, Yaya."

"Ka kai masa nawa dankon guda biyu."

Washegari suka hau motar Mutaru su uku, da keken ɗinki a tsakaninsu. Buraima ya yi ɗinkinsa a rumfar nan har ya tsufa. Hajo ta kafa teburin shinkafa da wake irin na Kumasi. Zuleha ta yi karatu a ajin Malam Komla, ta zama ungozoma. Mutaru ya koma dakon goro. Bawah ya zauna a Kumasi, kuma har ya rasu duk shekara yana aika wa Malam Komla farin goro.