Ƙirjin Ikilima

Satina uku da fara aiki a ɗakin jarirai bakwaini, a wani asibiti a Kazaure, amma ba wanda ya riƙe sunana. "Sabuwa" ake kirana. Ni Rahamatu, da na sha karatu a Kano har idona ya yi zuru-zuru, ga ni an mayar da ni mai miƙo auduga. In lokacin cin abinci ya yi, sauran ma'aikata su haɗa kai suna hirar bikin da ban san amaryarsa ba, ni kuwa in ci wainata a tsaye a bakin taga. Kaɗaici ya ishe ni, ba zan ɓoye ba. Har jariran nake yi wa hira, su ma su yi barcinsu su ƙyale ni.

Kwalba biyu gare mu, wato akwatin gilashin da ke ɗumama bakwaini. Ranar Talata da hantsi aka kawo wani jariri yana numfashi da ƙyar, sai shugabarmu, Sista Zulaikha, ta ce a fitar da 'yar wata mai jego mai suna Ikilima, a ba shi wurin.

"Ta fi shi ƙwari," in ji ta. "Uwar ta ɗaura ta a ƙirji, fata da fata, ɗumin jikinta ya isa. Sabuwa, ke na ba wa. In yarinyar nan ta yi sanyi, rasa ta za mu yi."

Ranar aka fara damƙa mini rai a hannu. Nauyinta kilo ɗaya da rabi, kwananta biyar a duniya, ko suna ba a raɗa mata ba.

Ikilima Bafulatana ce daga wata ruga ta wajen Roni. Na same ta a ɗakin masu jego zaune a bakin gado, surukarta na kan tabarma a gabanta tana dama fura. Na yi mata bayani tiryan-tiryan yadda aka koya mana, na miƙa mata jaririyar. Ta kau da kai ta zuba wa bango ido.

"Kawo ta nan, 'yata, ni zan riƙe," in ji tsohuwar.

"A'a Inna, tun safe kike tari, kada ta ɗauka."

Na sake miƙa wa Ikilima. Ta tura hannuwanta ƙarƙashin mayafi. Na lallashe ta, na roƙe ta, ko motsi ba ta yi ba. Na auna zafin jikin yarinyar, ya sauka. Na nannaɗe ta da zane, bayan ɗan lokaci na sake aunawa, ya ƙara sauka, tafin ƙafarta ya yi sanyi ƙalau. Tsoro ya kama ni, ni kuwa in na tsorata bakina ba linzami.

"Wace irin uwa ce ke?" na daka mata tsawa a gaban mata takwas. "'Yarki za ta mutu, ke kina kallon bango!"

Ikilima ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Na rungumi jaririyar na nufi wurin Sista Zulaikha, hawaye na neman zubo mini, na gaya mata abin da ya faru.

Ba ta ko ɗago daga kan kwalba ba. "Haihuwarta ta nawa?"

Na duba kati. "Ta fari."

"Kuma surukarta na zaune. Ke daga wace duniya kika faɗo? So kike ta rungumi 'yar fari a gaban uwar mijinta, ƙirji a buɗe?"

Na san kunyar ɗan fari mana. Amma a gidanmu iyakarta ƙin faɗin suna, ban taɓa zaton za ta ɗaure hannun uwa haka ba. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina.

Na koma na durƙusa gaban tsohuwar. "Inna, tarin nan naki bai yi mini ba. Don Allah ki je can gaba likita ya duba ki." Na san layin da ke can, ba za ta dawo ba sai bayan azahar. Ta yi mini addu'a ta fita.

Na jawo labule na zagaye gadon. Ban gama juyowa ba Ikilima ta karɓe yarinyar daga hannuna, ta cusa ta cikin riga. Na ɗaura musu zane, na ce ta yafe mini. Ban jin ta ma ji ni. Na fito na tsaya a bayan labulen ina gadi, ni kaɗai, ina jin tana raɗa da Fulatanci, yaren da ko kalma ɗaya ban sani ba.

Bayan awa guda na leƙa na auna. Zafin jikin ya dawo daidai. Na waiga in gaya wa wani, ma'aikata duk sun tafi cin abinci.

Ikilima ba ta ɗago ba. Da ɗan yatsa take shafa kunnen yarinyar.

"Malama," ta ce a hankali, "ashe haka fuskarta take. Sai yau na kalle ta."