Amyar da Zuma Ba Ta Shiga

Duk wanda ya san ni a ƙauyenmu na Makueni ya san magana ba ta kwana a cikina. Ko kaza ce ta yi ƙwai a gidana, kafin ta gama kyarkyara labari ya kai bakin rafi. To, ni ɗin nan ce 'yata Ndinda ta zaunar, ta ce in kama bakina.

Ndinda aikin injiniya ta karanta a Nairobi. Tun tana ƙarama take ganin abin da ƙudan mangwaro yake yi mana: ka ga mangwaro jajir a waje, ka yanka ka tarar da tsutsa tana iyo a ciki. Ran nan sai ga ta ta diro daga mota rungume da wani ƙaramin akwati, tana haki don murna.

"Mama, ya yi! Zo ki gani da idonki!"

Ta ja ni gindin mangwaro ta kunna shi. Yana da ido irin na waya, yana bin duk abin da ya gifta. Ƙuda ya zo zai sauka a kan 'ya'yan itace, sai wani siririn haske da take kira lesa ya taɓa shi, ya faɗo tim kamar an tsinke shi. Zuma ta zo ta yi shawaginta ta wuce, ba abin da ya same ta. Ban san lokacin da na buga guɗa na kama rawa ba.

"Mama, a hankali!" Ta toshe mini baki da hannu. "Lauyar da ke shirya mini takardun rajistar mallakar abin nan ta ce harbin ƙwari da lesa ba sabon abu ba ne, wasu sun riga ni. Sabon abin da na kawo shi ne yadda yake bambanta ƙudan mangwaro da zuma. In aka ɗauke shi a waya aka watsa kafin mu shigar da takardu, akwai ƙasashen da za su ce duniya ta riga ta sani, ba nawa ba ne kuma."

"Ko Kavata ba zan gaya wa ba?"

"Musamman ma Kavata."

Kavata aminiyata ce, tare muke waƙa a coci, bakinta kuwa ya fi nawa gudu.

Sai dai dole a gwada abin a gona har mangwaro ya nuna. Ni na kawo dabarar. Muka ɗauko tsohuwar amyar marigayi maigidana, gungumen nan da aka fafe, muka cusa akwatin a ciki, idonsa na leƙowa ta 'yar kafa, muka rataye ta da igiya a babban mangwarona. A wajenmu ba mai taɓa amyar wani, ko ɓarawo tsallake ta yake yi. Ndinda ta koma birni, ta bar ni da magana tana tafasa a ƙirji.

Mangwarona ya yi kyau a shekarar nan har ni kaina yana ba ni tsoro. Na yanka goma, ba tsutsa ko ɗaya. Kavata ta zo aron turmi, ta tsaya ƙarƙashin bishiyar tana duban ƙasa, tana duban sama.

"Maman Ndinda, wace irin amya ce zuma ba ta shiga, ƙuda kuma na zubewa a ƙarƙashinta?"

"Tsohuwa ce."

"Ni ma ai tsohuwa ce, amma ƙuda bai taɓa mutuwa don ya gan ni ba."

Na haɗiye amsar da ƙyar. Ta ɗauki turminta ta tafi ba sallama.

Kafin Lahadi gari ya ɗauka wai na je wajen boka, na rataye asiri a bishiya, ina koro ƙudana gonakin mutane. A coci na zauna, matan da ke kan bencin suka zame ɗaya bayan ɗaya. Abin ya yi mini zafi ƙwarai, na yi kuka a hanyar gida. Sannan Nzioka, shugaban ƙungiyar manoma, ya aiko cewa mangwarona ba zai hau motar ƙungiya ba sai na sauke amyar kowa ya gani. Na kira Ndinda ina faɗa.

"Ke kina can kina shan iskar fanka, ni an mai da ni mayya!"

"Mama, ki daure, saura ƙiris. Don Allah."

Ranar lodi suka zo gonata gaba ɗaya, Nzioka a gaba, fasto na bin sa da Littafi a hammata, matasa sun ɗaga wayoyi. Na ruga na zauna a gindin bishiyar, na naɗe igiyar amyar a hannuna.

"Mama, sauke ta mu gani, a wuce wurin," in ji Nzioka.

"Ga ta can. Mai ƙarfin hali ya hau ya taɓa amyar mamaci."

Aka yi cirko-cirko, ba wanda ya motsa. Fasto ya fara addu'a, Kavata na amsawa da amin mai ƙarfi kamar da ni take. Rana ta take, direba ya gaji da oda, na ji motar ta tashi ta bar mangwarona a jibge. Ban saki igiyar ba.

Sai wayata ta yi ƙara. Ndinda ce, ihunta har na bayan taro sun ji.

"Mama, an shigar! An karɓi takardun! Ba su gama dubawa ba, amma daga yau ba mai riga na. Faɗi! Gaya wa kowa!"

Na miƙe, na sassauta igiya, amya ta sauko. Na zare murfin, na juya idon akwatin wajen reshe. Ƙuda ya zo, haske ya gifta, ya faɗo a kan takalmin fasto. Fasto ya yi tsalle baya, Littafi ya kusa suɓuce masa. Wuri ya kaure da ihu, matasa na ture juna, Nzioka ya durƙusa yana tsintar gawar ƙuda yana dariya.

"Maman Ndinda, yi mana bayani! Yaya yake gane su? Me ke cikinsa?"

Na gyara ɗaurin zani, na tsaya tsakiyar fili, na buɗe baki. Sai a lokacin na gane ban san komai ba game da abin da na sha zagi a kansa. Ko sunan wayoyin cikinsa ban sani ba. Hawaye suka cika mini ido.

"Ban sani ba," na ce. "'Yata ce ta yi shi da hannunta."

Kavata ce ta fara guɗa.