Batirin da Auta ta bari yana aiki

Ina cikin wanki Dogo ya shigo, abokin aikin 'yata Auta, Allah ya jiƙanta. Tun rasuwarta ban sake ganinsa ba.

"Mama, batirin Auta ya ƙi gajiya!"

Na ce, "Kai Dogo, tsawon ne ya hana ka durƙusawa ka gaishe ni?"

Ya durƙusa yana dariya, sannan ya yi mini bayani. A wurin aikinsu suna haɗa ƙananan batura kamar maɓallin riga, su jona su a na'ura, ta yi ta cika su da wuta tana zuƙewa har su gaza. Na sauran duk sun gaza tuni. Wanda Auta ta haɗa kafin ta kwanta ciwo shi kaɗai ya rage yana aiki.

Ni ban yi boko mai nisa ba, amma wannan na gane shi sarai. Na ajiye wankin na bi shi.

Wurin aikin nasu ɗaki ne mai sanyi, da kanta cike da wayoyi, kowane batir da 'yar fitilarsa. A layi guda duk fitilun sun mutu sai wata 'yar koriya, ta batirin Auta. Na tsaya ina kallonta. Yarinyata tana ƙasa, ga abin da hannunta ya yi yana ta aikinsa, bai san ta tafi ba.

Shugabarsu, wata dattijuwa mai tabarau, ta ce, "Mama, so muke mu fasa shi mu ga abin da ya sa ya daɗe. Haka aikin yake. Amma na ce sai kin yarda."

"In kun fasa, za ku iya mayar da shi?"

"A'a."

"To ku bar shi mana ya ƙare don kansa."

"In ya ƙare, cikinsa ya lalace, ba abin da za mu gani."

Dogo ya ce, "Wallahi Mama, da tana nan ita za ta fara ɗauko filaya. Kin san ta da rashin haƙuri."

Gaskiya ya faɗa, har na yi murmushi. Na ce su fasa. Nan take ya zare wayar, fitilar ta ɗauke. Ban san abin zai yi sauri haka ba. Da na sani, da na ce su ba ni kujera in ƙara zama ko kaɗan.

Sun fasa shi cikin wani akwatin gilashi mai dogayen safar hannu. Duk sanda na tambayi Dogo me suka gano, sai ya ce, "Muna kan dubawa, Mama." Wataƙila su gano, wataƙila lokacin ba na raye.

Ɓawon batirin suka wanke suka ba ni, an raba shi gida biyu. Kullum da safe kafin in ɗora ruwa nakan haɗa su a tafin hannuna in danna da babban yatsa. Ba sa kamawa. Sai in mayar da su cikin kofi, in kunna wuta.