Kamu Ɗaya Da Yatsu Uku

Abin da Gwaggo ta gaya wa mai walda kalma uku ne, kuma har gobe tana iya maimaita su: "Ba ya riƙewa." Ba ta ce ba ya ɗagawa ba. Taraktan yana ɗaga garma sarai, kamar yadda ya saba tun kafin a haifi mai waldar. Ciwon shi ne in ya ɗaga, sai garmar ta dinga zamewa sannu a hankali, kafin a kai bakin titi ta fara kartar ƙasa, tana barin zane a baya kamar mai raba wa unguwa iyaka.

Taraktan na marigayi mijinta ne. Mahaɗin da ke riƙe garma a bayansa ba na kamfani ba ne, maigidan ne ya ƙera shi da ƙarafan tsohuwar mota, ya ɗora masa silinda guda ta haidurolik mai ɗagawa da saukewa. Tun da ciwo ya kwantar da shi Gwaggo ta hau kujerar, shekara tara ke nan ba ta sauka ba. Ƙanin mijin nata, wanda yara ke kira Baba Ƙarami, bai taɓa son ganin haka ba. Bana ya tara dangi aka tsayar da magana: in kwana bakwai suka cika bayan ruwan shuka taraktan bai nome gonar gado ba, a miƙa shi ga 'yan gwangwan su yanyanka, gonar kuma a ba wani. Ruwa ya sauka ran Litinin. Mai walda ya sallame ta ran Juma'a, yana murmushi kamar wanda ya yi mata kyautar gida.

Asabar da hantsi ta shiga gona, ta tura liba, sandar sauke garma, gaba. Garma ta sauko, ta sauko, sai ta tsaya cak a iska, yatsu huɗu tsakaninta da ƙasa. Ta sake turawa. Ta buga libar da tafin hannu. Garma tana rataye abinta kamar wanki a igiya.

Baba Ƙarami yana zaune a gindin bishiya, ya zo kallo tun da sassafe ba a gayyace shi ba.

"Matar yaya, bana iska za mu nome ne?"

"In na gama da iskar zan zo kanka."

Ta juya taraktan ta nufi gareji.

Mai waldar matashin magidanci ne, ya rubuta wa kansa Injiniya a allon ƙofar rumfa, har sunan ya bi shi. Ta same shi tsugune yana haɗa ƙyauren wani, gilashin walda a goshi. Ba ta kashe injin ba sai da hayaƙi ya cika masa rumfa.

"Sannu da zuwa, Gwaggo. Kin ga aiki ko?"

"Na gani. Me na ce maka ranar da na kawo shi?"

"Kin ce ba shi da ƙarfi."

"Ƙarya kake. Me na ce?"

"To, ba ya ɗagawa, ba ya riƙewa, ai duk ɗaya ne."

"Duk ɗaya ne? In matarka ta miƙo maka jariri ka ɗaga shi ka sake shi, sai ka ce mata duk ɗaya ne?"

Masu gyaran babur na rumfar gefe suka ajiye sifana. Injiniya ya miƙe yana goge hannu, ya zagaya bayan taraktan ya dafa sabuwar silinda, ƙatuwa, mai kaurin cinyar ɗan dambe.

"Dubi nan, Gwaggo. Wannan daga jikin motar gini na ciro ta. Ko giwa kika ɗaura za ta ɗaga."

"Giwa nake nomawa? Garmata ba ta taɓa ƙasa."

"Wataƙila gonar ce ta yi ƙasa."

Ta dube shi tsawon lokaci, har ya kau da kai. Sai a nan idonta ya sauka kan hannun ƙarfen da silinda ke turawa. Na maigidan lanƙwasasshe ne, mai gwiwa a tsakiya. Wannan miƙaƙƙe ne sambal, sabon fenti na ƙyalli a jikinsa.

"Ina ƙarfen da ke nan?"

"Wancan karkataccen? Ai na raba ki da shi. Wanda ya yi shi bai san aiki ba."

Ta zare makullin tarakta ta ƙulle a bakin zani, ta bar taraktan a tsakiyar hanya yadda ko baro ba zai wuce ba, ta tafi neman Shugaba.

Shugaba shi ne babban masu garejin, tsohon mai gyaran jikin mota, bugun guduma ya cinye masa kunne ɗaya. Ya zo yana jan takalmi, ya juyo mata da kunnen mai kyau.

"Me kike so a yi miki, 'yar'uwa?"

"Abu biyu. Ya mayar mini da kayana yadda suke. Kuma ya faɗa a gaban mutanen nan cewa bai saurare ni ba. Ina magana yana kallon waya, don ya ga tsohuwa."

"Na farkon mai sauƙi ne," in ji Shugaba. "Kai, ina tsohuwar silindar?"

Injiniya ya sosa ƙeya, ya nuna bayan rumfa. Can kuwa 'yan gwangwan ne ke loda tarin ƙarafa a mota. Gwaggo ba ta jira kowa ba. Ta tattare zani ta hau tarin, tana ture tsofaffin gadaje da rim ɗin tayoyi, mai lodin yana cewa "Baba, a hankali," tana cewa "Uwarka ce baba." Ta tarar da silindar a ƙarƙashin wani murfin firji, ta jawo ta da kanta, mai ya ɓata mata gaban riga.

Shugaba ya sa aka kwance silindar a kan benci. Ya zura yatsa ya fito da wata 'yar roba zagayayya kamar awarwaro, ta tsufa ta tsage.

"Ga ciwon nan. Mai ne ke zurarewa ta nan, shi ya sa take sakin kaya. Robar nan kawai za ka canza, ka tashi ka ɗora mata dutse." Ya juya ga Injiniya. "Ƙarfen fa?"

"Shugaba, na yanka shi." Ya nuna ƙyauren da yake haɗawa. Ga guntayen nan uku, sun zama maƙalan ƙofar wani.

Gwaggo ta zauna a kan taya. Yau kwana biyar da ruwa, gobe shida. Ta ji kamar ta ɗauki silindar ta rafka wa Injiniya, amma ta yi nauyi.

"Zan ƙera wani," in ji Injiniya, muryarsa ta yi ƙasa. Ya zaro tef. "Sai dai ban auna tsohon ba. Ban san nisan ramukan ba, ban san inda gwiwar take ba."

"Ka yanka abin da ba ka auna ba."

"Na yanka."

Ta miƙe, ta naɗe hannun riga har kafaɗa, ta ɗora hannunta na dama a kan bencin.

"Ajiye wannan igiyar taka. Maigidana bai taɓa mallakar tef ba, da ni ya auna. Daga ramin farko zuwa na biyu kamuna ɗaya da yatsu uku. Nawa, ba naka ba, kada ka kawo mini wannan dogon hannun. Gwiwar kuma a nan take." Ta nuna wani tsohon tabon ƙuna a tsakiyar hannun. "Ni na riƙe masa ƙarfen yana gasawa, nan ya taɓa ni. Ya lanƙwasa shi ne don garma ta nutse ƙasa, ba don bai san aiki ba."

Babu wanda ya yi dariya. Injiniya ya ɗauko alli ya zana jikin hannunta a kan sabon ƙarfe, yana taka-tsantsan kamar zai taɓa wuta. Sau biyu ya lanƙwasa ta ce bai yi ba. A na uku ta kara hannunta, ta yi tsaki, wanda a wurinta shi ne amincewa.

La'asar ta yi kafin a canza robar, a ɗaura tsohuwar silindar da sabon ƙarfen. Aka tada inji, ta ja liba, garma ta tashi. Shugaba ya ce kowa ya yi shiru, kamar da kunne ake gani. Suka tsaya suna kallo, mai shayi ya zo ya wuce, garma ba ta motsa ba. Ta tura liba gaba, haƙoran garma suka nutse cikin ƙasar garejin har suka tsinke wayar injin walda.

"Saura na biyu," in ji Gwaggo daga kan kujera.

Injiniya ya dubi masu babur, ya dubi Shugaba.

"Ban saurare ki ba, Gwaggo."

"Shugaba bai ji ba, ta wancan kunnen ka faɗa."

Ya zagaya ya sake faɗa.

Lahadi kafin rana ta yi zafi ta gama rabin gonar. Baba Ƙarami ya zo gindin bishiyarsa, ya tarar da kunyoyi a jere, baƙar ƙasa a juye tana tururi. Da ta iso kusa da shi ta rage wuta.

"Ka gaya wa 'yan gwangwan ɗinka su bi ta gareji, akwai silindar giwa tana jiran su. Kuma ɗage ƙafarka, nan ma gona ce."