Mashin Ɗin da Na Taya a Makarfi

…to ina zan sa hannuna? Abin da nake ta tambaya ke nan tun da muka baro Furana, Malam. Mashin ɗin mutane yana da ƙarfe a baya, mace ta kama abinta, ta gyara hijabi, ta zauna da mutuncinta. Wannan babu. Na laluba, na laluba, roba ce sumul kamar bayan ƙwarya. Wurin zaman bai kai faifai ba, kuma can sama, ga ni ɗare kamar kaza a kan danga, gwiwoyina na neman haɓata. Ni Hajo. Da girmana.

Shi kuma ga shi a gabana, ya kife a kan tanki kamar mai leƙen rijiya. Ɗanka. Ɗan farinmu. Da kana da rai da ka ce, Hajo, sauko ki hau mota. Da na ce ba zan sauko ba. Ka san ni.

Rami. Ƙuguna…

Na 'yan acaba in ya faɗa rami lilo yake yi da mutum. Wannan duka yake, kamar taɓarya ta sami turmi. Kuma wai shi ne mai tsada a inda aka san shi. A ina aka san shi? Su wane ne ke zama a nan baya, aljanu?

Kudan za mu. 'Yarmu Mukarrama ta sauka, mace, yau suna. Na ƙulla garin kunu da sabulu da 'yar atamfa, na dasa ƙullin a tsakanina da shi. Da gangan. Katanga ce. Ummuhani maƙwabciyata ta leƙo ta saman zana tana cewa wai in bari ta tsayar mini da motar kasuwa, kada iska ta ɗauke ni, tunda na sayo wa Lawal jirgin sama. Ita tana iya faɗin sunan. Kowa na iya faɗa — mai shayi, mai faci, yaran layi — ban da ni. Don bakinta na hau. Da ba ta yi magana ba da yanzu ina cikin mota ina gyangyaɗi.

Birki. Taɓawa kawai ya yi, na zame gaba, ƙullin ya matse, goshina ya daki kafaɗarsa. Na ja baya da sauri. Ya ji? Ai dole ya ji. Bai juyo ba. Yana da kunya, wannan kam ba a raina tarbiyyar uwarka ba.

Jakarsa na nan rataye a ƙusa, Malam. Abin da ya sa ke nan, kada ka ce hauka na yi. Tun bayan girbi abokinsa Shamsuddeen ke kiransa a waya daga Abuja, wai akwai aiki, wai zaman ƙauye kashe kai ne. Ya wanke kayansa ya ninke. Bai gaya mini ba, ina zai gaya mini? Mukarrama ya gaya wa, ita ta gaya mini, na ce ta ce masa ya dakata. Haka muke magana ni da shi, ta bakin ƙanwarsa, ita kuma ga ta a Kudan. Sai na kama sanka, jan nan mai tozo, na kai kara na sayar. Na ce in yana da mashin zai ɗauki fasinja tsakanin Ikara da ƙauyuka, ya kai tumatir bakin titi, magariba ta yi masa a gida. In ji tarinsa a zaure. Iyakarta ke nan. Tarinsa a zaure.

Me ya kai idona kan wannan?

Suna jere a rumfar Alhaji Usmanu dillali, ranar kasuwar Makarfi, duk sirara, duk iri ɗaya, kamar awakin da suka sha rani. Shi kuwa yana can ƙurya an yafa masa buhu. Na ce a buɗe. Ja wur. Ƙirji faffaɗa, tozo a tsakiya, tayar baya kamar cinyar sa. Aka tayar da shi, na ji ƙarar a cikin haƙorana. Alhaji Usmanu ya ce Hajiya wannan ba na aiki ba ne, na wani ɗan masu kuɗi ne daga Zariya, na tsere ne, ki duba waɗancan. Na yi dariya a cikina. Yau na fara shiga kasuwa? Duk abin da mai kaya ya tura ƙurya ya rufe, ya kuma ce maka ba naka ba ne, to shi ne kayan, ya ajiye wa wani ne. Haka ake yi da shanu. Haka ake yi da barkono, mai kyan yana ƙasan buhu. Na ce shi nake so.

Ɗanka yana tsaye a bayana. Na riga na aika masa cewa kada ya buɗe baki, fuskarsa ɓata ciniki take. Na ji ya yi gyaran murya. Na ji. To in juya in ce me? A tsakiyar kasuwa, gaban maza, in tsaya ina shawara da ɗan fari kamar wata marar ta-ido?

Na taya. Ya ce albarka. Na kushe fentin, na kushe madubin, na ce ko kariyar ɗaura kaya ba shi da ita — ka ji fa, da bakina na faɗa, don in karya kuɗin na faɗa, ban tsaya na ji abin da nake faɗa ba — na juya na kama hanya. Ko rumfar masu mazarƙwaila ban kai ba ya aiko a kira ni. Ya sallama. Da wuri haka? Ranar na ce na kayar da Alhaji Usmanu. Har goro na raba a mota.

Gyaran muryar nan… cewa yake kada ki saya? Ko cewa yake saya? Ban sani ba. Wallahi ban sani ba.

Kwana, ga kwana — ya kwanta, shi da mashin ɗin gaba ɗaya, ƙasa na taso mana ta hagu. Na miƙe, na ja jikina dama. Ai haka mai hankali zai yi, ko? Abu zai faɗi nan, ka danna can. Sai mashin ya hau girgiza kai kamar san da ya ƙi igiya, taya na cin bakin kwalta, gonar rake na zuwa, na zuwa… ya daidaita shi. Innalillahi. Na ce kai. Na ce kai, yaro. Iska ta kwashe. Wa zai ji kai a cikin wannan ƙara?

Kwandon tumatir ya ƙi zama. Sun gwada da igiya, sun gwada da roba, ya sulale ya fashe a ƙofar gida, kaji suka yi biki. Mata sun ƙi hawa. Tsofaffi su zagaya shi su ce Allah ya sa alheri su wuce. Samari ne kawai ke taruwa, su jingina su ɗauki hoto a waya, ba mai zuwa ko'ina. Mai kuwa yana shansa kamar an huda masa ciki. Yaron ko ƙorafi bai aiko mini ba. Kullum da safe ya goge shi da tsumma, har ƙarƙashi. Fushi ne? Mai fushi yana goge abu haka?

Ya tsaya. Tashar Yari. Masu rake da masu awara sun zubo mana ido. Ƙafafuna sun mutu. Ya sauke ƙafa ɗaya, bai juyo ba, yana kallon madubi, ni ma ina kallon wani wuri.

"Yaya, faɗa kike yi da shi. In na kwanta, ki kwanta."

Yaya. Haka ya ji ƙannenka na kirana, haka ya ɗauka. Ranar da aka yaye shi uwarka ta goya shi zuwa Kurmin Kogi, ina daka, ban ɗaga kai ba, aka yi ta yabona, wai Hajo akwai kara. Da ya dawo gidanmu muryarsa ta riga ta fashe. Zazzaɓi ya taɓa kwantar da shi, na dafa magani na ba Mukarrama ta kai, na tsaya bayan ƙyaure. Haka aka yi mini, haka na yi. Ba laifi ba ne. Ko laifi ne? Ba wanda ya taɓa cewa laifi ne.

Ya miƙo hannu baya ya ɗauke ƙullin. Ƙullina. Ya cusa shi cikin rigarsa ta gaba, ya ja zif.

"Nan gaba babban titi ne. Sai kin riƙe ni."

In riƙe wa? A gaban masu awara? In sauka — in sauka in ce me, in koma Furana in ce wa Ummuhani me? Ya saka giya. Hannuwana sun tafi da kansu, ban aike su ba.

Haƙarƙari. Malam, yaron nan haƙarƙari ne zalla. Ina tuwon da nake aika masa yake zuwa? Rigar ce ke ɓoyewa, duk shekarun nan riga nake gani. Akwai ɗumi a bayansa. Yana warin sabulun wanki da fetur da wani abu… ƙeyarsa. Tabon nan na bayan kunne, yaushe ya same shi? Wa ya sa masa magani?

Mun hau titin.

Shiru. Ba shiru ba, ƙarar na nan, amma ta kwanta, ta zama ɗaya, kamar injin niƙa in ya sami hatsi. Ba duka. Ba girgiza. Ƙuguna ya daina ciwo. Tirela a gabanmu, tirela a bayanmu, yaushe muka wuce ta? Bishiyoyi sun zama ruwa. Hijabina ya cika da iska yana ja na baya, na ƙara matsewa, na sa kaina ƙasa yadda ya sa nasa, sai iskar ta bi ta samanmu ta wuce. Ashe don haka yake kifewa. Ashe ba lalacewa ya yi ba, mashin ɗin. Duk haukan da yake yi a hanyar Furana, hanyar ce ba tasa ba.

Wannan ce tasa. Mai zuwa Zariya, ta wuce Kaduna, ta wuce…

Wani abu na motsi a ƙarƙashin tafina. Tari? A'a. Waƙa yake yi. A cikin ƙirji, ba ya buɗe baki, amma ina ji a hannuna. Ɗanka yana waƙa. Ka taɓa ji? Ni ban taɓa ba. A zaure ba ya yi. A gona ba ya yi.

Na sayar da sa don in ɗaure shi a gida, na je na zaɓo — ni da kaina, da wayona, ana ce mini kada — na zaɓo abin da bai san hanyar gida ba.

Ga mararrabar Kudan can. Ya rage gudu. Ya kwanta dama… na kwanta. Ban yi shawara ba, jikina ne ya bi nasa, ƙasa ta taso, ta koma, muka zagaye sumul kamar an zuba mai a tasa. Ya ɗan juyo da kai.

"Kin iya, Yaya."

Na iya. To na iya me?

Jar ƙasa ta dawo, duka ya dawo, waƙar ta tsaya. Ya kamata in saki yanzu, an kusa shiga gari, dangin mijin Mukarrama na ƙofar gida, za su ga Hajo rungume da ɗan fari. In saki. Yatsuna sun ƙi buɗuwa. Gajiya ce, iska ce ta sandarar da su, bari in ɗan jingina kaina kaɗan, kafin gidajen farko, kaɗan kawai…

Gobe in ya sauke jakar nan daga ƙusa, Malam, da me zan taya? Ba sauran sa a turke. Ba komai a ƙurya. Kuma ban ma san ko in na taya ina so a sallama mini ba…